Kalangun da Na Kai wa Rabi'u Alƙahira

Tun da na dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya zauna a majalisarmu ta Tudun Wada sai ya ce, "Ɗanlami, yaya Alƙahira? Ka ga dalar Fir'auna? Wai da gaske Rabi'u ya ajiye karatu ya koma kiɗan Turawa?" In na fara ba wannan labari, sai wancan ya iso ya ce a koma farko. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta. Amma masu son labarin dala su yi haƙuri, ban je ba. Kwana goma sha tara na yi a ƙasar, mafi yawansu a wani ɗaki mara taga.

Rabi'u abokina ne tun muna firamare a Zariya. Gidansu na malamai ne, namu na makaɗan fawa, kalangu na gada daga mahaifina. Shi ya tafi Alƙahira karatun addini, ni na tsaya ina bin bukukuwa da ƙananan sutudiyo. Can muka fara jin ƙishin-ƙishin ya kama gita, yana waƙar da ake kira rok. Mahaifinsa, Malam, ya rasu bai zo ba, mutane suka yi ta magana. A ƙarshen 2014 ya kira ni.

"Ɗanlami, faifaina na uku ya ƙi ƙarewa. Akwai waƙoƙin da ba abin da suke so sai kalangu. Za ka zo?"

Na ce, "Kai da ko gaisuwar Malam ba ka zo karɓa ba, ni za ka taso?"

Ya ce, "Ka zo dai."

Da takardar gayyata ta iso kuma biza ta fito, na je sallamar mahaifiyarsa, Inna Hajara. Ta haɗa mini ƙunshin kuka da daddawa da kilishi, ta ɗaure da kanta. Ta raka ni har bakin zaure ta ce, "Ka ce masa ban yi fushi ba. Ka ce ya zo in gan shi."

Daga Zariya na hau mota zuwa Kano, taya ta fashe mana a Kwanar Ɗangora, na isa filin jirgi da zufa ana gab da rufe layi. Jirgin kansa ba ni da abin faɗa a kai, sai dai na riƙe kalanguna a cinya kamar jariri har ma'aikaciyar jirgin ta lallaɓa ni na sa shi a ma'ajiyar sama.

Rigima a filin jirgin Alƙahira take. An duba katin rigakafi, an ɗora mini wani abu a goshi an gwada zafin jiki, an buga hatimi. Da na zo wurin masu binciken kaya, wani jami'i mai gashin baki ya kwance ƙunshin Inna. Yana ganin curin daddawa, baƙi, a daskare, ga wari, sai fuskarsa ta canza. Ya kira na biyu, na biyu ya kira na uku, aka zo da kare. Ashe ta yi musu kama da wani abin maye da ake fasa-ƙwaurinsa. Larabcina na allo ne, nasu kuwa gudu yake kamar ruwan kwata, ba mai fahimtar wani. Na ce miya, na ce abinci, na kwatanta da hannu. Da na ga abin zai kai ni ɗakin da ba na so, sai na gutsuri daddawar na tauna a gabansu. Mai gashin bakin ya ɗan lasa shi ma, ya yamutsa fuska, abokan aikinsa suka fashe da dariya. Ya ɗaure mini ƙunshin da hannunsa yana cewa, "Ma'alish, ma'alish." Wannan kalma ita ce haƙurinsu, ita ce sannunsu, kuma na ji ta fiye da kowace kalma a ƙasar.

A waje na yi ta raba ido ban ga Rabi'u ba. Sai wani dogon dattijo baƙi mai furfura a gemu ya tare ni ya ce, "Kai ne Ɗanlami? Marhaba da baƙon gida. Ni ne Tijjani, ni nake buga wa Rabi'u ganguna."

Hausarsa ta ba ni mamaki. Tsohuwar Hausa ce irin ta kakanni, da Larabcin Sudan a tsakiya, irin su "ya zol", wato "kai mutumin nan", da "ya waladi", wato "ɗana". A Sudan aka haife shi, ya yi shekaru yana kiɗan biki a Khartum kafin ya gangaro Masar. Tun daga ranar nake ce masa Kawu. Na tambaye shi ina Rabi'u, ya ce, "Ba ya son wurin da 'yan sanda suka yi yawa. Shi zai gaya maka."

Masaukina gidan Rabi'u ne a Hay el-Sabi', cikin Madinat Nasr, unguwar da ɗalibanmu suka cika. Hawa na shida, injin hawa kuma ya mutu tun kafin zuwana. Muna haki muka isa, Rabi'u ya buɗe ƙofa. Ya rame, ya tara suma har kafaɗa. Ya rungume ni ya sumbaci kumatuna dama da hagu kamar yadda mazansu ke yi, na ture shi na ce, "Kai, meye haka?" Muka yi dariya har ƙwalla ta zo mana, kuma ba dukanta ce ta dariya ba. Hausarsa tana nan, sai dai kowace magana da "yalla", wato "mu je", take farawa, da "khalas", wato "shi ke nan", take ƙarewa. Ya karɓi ƙunshin Inna ya shinshina, ya kai kicin, ya daɗe bai fito ba. Na ga ba ranar isar da saƙo ba ce.

Abincinsu sai da na koya. Da safe ful, wato wake da aka dafa ya yi lugub aka zuba mai, da gurasa mai arha da ko'ina ake sayarwa. Da rana koshari: shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da soyayyiyar albasa, duk a kwano ɗaya, kamar uwar gida ta share tukwane uku. Na yi ƙorafi kwana biyu, rana ta uku na nemi ƙari. Shayi kuwa baƙi ne a ƙaramin kofin gilas, ba madara, ba burodi. Matan unguwar ba sa saukowa sayayya, kwando suke zurowa da igiya daga bene, mai kanti ya zuba musu kaya su ja. Gaisuwarsu ce ban saba da ita ba. Mu sai mun tambayi gida da gajiya da sanyi, su kalma biyu ce, kowa ya wuce. Mai gadin gidan, da suke kira bawwab, shi kaɗai ya yarda da irin tawa, har ya koyi cewa "lafiya lau".

Kullum da hantsi muke fita zuwa Dokki, inda sutudiyon yake. Ƙaramar bas tukuna, sannan jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, mu haye kogi. A bakin titi ba a kiran sunan unguwa, da yatsu ake nuna wa direba inda za a je. Ranar da na ce zan gwada zuwa ni kaɗai na nuna yatsun da ba su ba, na tsinci kaina a wata kasuwar kayan mota, sai da Kawu ya zo ya ɗauko ni yana dariya.

Sutudiyon yana ƙasan wani dogon gini, kusa da ofisoshin jakadanci. Mai shi mace ce, Nirmin, gajera mai tabarau, ba ta kai arba'in ba. Kowa "Bashmuhandisa" yake ce mata, wato babbar injiniya. Ita ke zaune gaban na'ura, ita ke cewa a sake, kuma ba mai musa mata. A wurinta da wurin Kawu na ji tarihin waƙar abokina, don shi ba ya son ba da labarin kansa. Tana magana da Turanci a hankali saboda ni.

Faifan farko, in ji ta, ba a sutudiyo aka yi shi ba. A 2011 ne, lokacin da gari ya rikice makarantu suka rufe. Rabi'u na zaune a gida ba karatu, maƙwabcinsa wani Bamisire mai suna Hazim yana da gita biyu. Suka jingina katifu a bango, suka rufe taga da bargo, suka ɗauki waƙa shida da kwamfutar cinya. A ɗaya daga ciki har ana jin muryar mai tallar gas daga titi. Hazim ne ya kawo wa Nirmin don ta gyara sautin.

"Gitar ta yi kyau," ta ce, "amma muryar ce ta sa na ajiye shayina. Yana ja kamar mai karatu, sannan ya fasa kamar wanda aka taka. Na ce su kawo mini shi."

Faifai na biyu a wurinta aka yi, shekara mai bi. A nan Kawu ya shigo. Waƙoƙin Larabci da Turanci ne, kuma su suka fito da su, har suka riƙa wasa a gaban matasa suna amshi. Ana cikin fara na uku Hazim ya samu hanyar Kanada ya tafi, yanzu motar kaya yake tuƙawa. Tun daga nan aikin ya tsaya. Akwai kujera ɗaya a kusurwa da ba mai zama a kai, tasa ce.

Ranar farko kalanguna ya kunyata ni. Danshin ɗakin ya sa fatar ta saki, na matse tsirkiya na buga, sai ka ce ana dukan kwali. A gida rana zan shanya shi, a nan kuwa rana ba ta shiga. Nirmin ta buɗe jakarta ta ɗauko abin busar da gashi ta miƙo mini. Haka na riƙa gasa kalangun gadona da shi kowace safiya, ina roƙon Allah kada labarin ya kai Zariya.

Abu na biyu ya fi wuya. Suna sa wa mutum abin ji a kunne, a cikinsa wani ƙas-ƙas-ƙas yana bugawa ba fashi, wai shi za ka bi don kada kiɗa ya yi gaba ko baya. Ni kuwa tun tasowata mutum nake bi, in ga kafaɗarsa, in ga ƙafarsa. Kwana uku ina bugawa tana cewa, "Sake." Na huɗu na cire abin na ce wa Rabi'u ya nemi wani. Kawu ya taso daga bayan gangunansa, ya ja kujera ya zauna a gabana, gwiwa da gwiwa.

"Bashmuhandisa, kashe masa wannan agogon," ya ce. "Ni zan ji shi. Kai kuma, ya zol, ƙafata za ka kalla."

Ya riƙa taka ƙasa, na bi ƙafarsa. Sau ɗaya muka yi. Ta cikin gilashi na ga Nirmin ta ɗaga babban yatsa ta ce, "Tamam."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasa da Hazim. Gitarsa tana cikin na'ura tun shekara biyu, ba su goge ba, ba su kuma nemi wani ya maye ba. Ana kunnawa sai in ji mutum a kunnena, yana tambaya da gita yana barin gurbi, ni in amsa da kalangu. A wani wuri har ana jin ya ja numfashi kafin ya shiga. Na yi mako ina hira da mutumin da ban taɓa gani ba, har na san inda yake gaggawa da inda yake jinkiri. Duk sanda aka zo wurin, Rabi'u kan kalli kujerar kusurwa.

Waƙa ɗaya ce ta Hausa a faifan, ita ce kuma ta ƙi. Ta zauren gidansu ce, da buzun mahaifinsa, da muryar Inna tana kiransa cin abinci. Baiti na farko lafiya lau yake yi, sai dai na gyara masa wuri biyu da Larabci ya shige masa, har ya manta yadda ake cewa "dakali". Da ya shiga baiti na biyu, inda ake sallama a zaure ba mai amsawa, sai ya tsaya ya ce makirfon ba daidai ba, ko maƙogwaronsa ya bushe. Nirmin ta ja ni gefe.

"Ba na jin yarenku," ta ce, "amma shekara biyu a wuri ɗaya yake tsayawa. Makirfona lafiyarsa ƙalau. Kai ka san abin da ke wurin?"

Na ce na sani.

Ranar Juma'a bayan masallaci Kawu ya kai mu gidansa. Matarsa, Hajja Asha, ta karɓi kuka da daddawar Inna ta yi miya, ta tuƙa asida, wadda ita ce tuwonsu. Muka zauna a tabarma muka sa hannu. Rabi'u ya kai loma ɗaya ya sunkuyar da kai. Kawu kuwa tambaya yake ta yi mini. Kakansa daga Haɗeja ya fito da ƙafa zai je Makka, ya tsaya noma a Sudan don ya huta, bai ƙarasa ba, bai koma ba. Kawu bai taɓa taka Nijeriya ba, amma ya san sunan unguwarsu da sunan rijiyar ƙofar gidansu.

"Rijiyar tana nan?" ya tambaye ni.

Na ce ban taɓa zuwa Haɗeja ba. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka ce masa an rufe ta.

Bayan an kawo shayi na ga in ban faɗa yau ba, ba zan faɗa ba. Na ce, "Rabi'u, Inna ta ce ba ta yi fushi ba. Ta ce ka zo ta gan ka."

Ya juya kofin a hannunsa. Sannan ya gaya mini abin da ya ɓoye. Takardar zamansa ta ɗalibi ce, ta mutu tun da ya bar makaranta. In ya fita ƙasar, da wuya a bar shi ya sake shigowa. Shi ya sa bai zo filin jirgi ba, shi ya sa bai zo gaisuwa ba.

"In na tafi, khalas, ba Kawu, ba Bashmuhandisa, ba waƙa. A Zariya wa zai saurari wannan haukan? Kuma Ɗanlami, in na je in shiga ta ina? Ta zauren? Malam ya aiko ni in dawo da ilimi. Har ya rasu ban iya gaya masa da bakina ba. Bari in gama faifan nan dai. Shekara mai zuwa, in sha Allahu."

Kawu ya ajiye kofinsa ya ce, "Ya waladi, kakana ma shekara mai zuwa ya ce. A kanta aka binne shi."

Hajja Asha ta shigo ta kwashe kwanuka.

Washegari a sutudiyo Rabi'u ya ce kada a raba mu ɗaki, in tsaya kusa da shi. Nirmin ta ce kalangun zai shiga makirfon muryar, ba za ta iya raba su ba daga baya. Ya ce ya sani. Ya ce mini, "Ka tuna kiɗan da babanka ke yi ranar kasuwa, wanda muke jiyowa daga zaurenmu Malam yana cewa a rufe ƙofa? Shi za ka yi, a hankali."

Na yi. Gitar Hazim ta shigo, Kawu ya bi da ganguna can ƙasa-ƙasa. Rabi'u ya rufe ido ya yi baiti na farko. Da ya zo na biyu muryarsa ta yi rawa, na matse tsirkiya na ɗaga kiɗan kaɗan kamar mai tallafe shi, sai ya wuce. Ya yi sallamar, ya bar gurbin da ba mai amsawa, ya kai ƙarshe. Nirmin ta cire tabarau ta goge, ta ce, "Khalas. Ba za a sake ba." Da yamma ta aika wa Hazim, ya turo saƙon murya daga cikin motarsa, ba a jin komai sai ƙarar hanya da shi yana cewa, "Allah, Allah."

Ranar tafiyata Nirmin ta zuba mini waƙar a waya. Kawu ne zai kai ni filin jirgi, Rabi'u ya tsaya a bakin titi inda ake hawan bas.

"Ka ce wa Inna ina nan tafe," ya ce.

Na ce, "Ba ni watan da za ka zo. In ba wata, ba zan faɗa ba."

Ya kalli motoci, ya kalle ni. "To ka gaya mata abin da ka gani."

Wannan karon da ya sumbaci kumatuna ban ture shi ba. Bas ta ja, na waiwaya na hango sumarsa a cikin jama'a har muka sha kwana.

Kwana biyu da dawowata na je wurin Inna. Na gaya mata komai, har da maganar takarda, ban rage ba. Ta saurara tana jan carbi. Na ce akwai waƙa, in tana so. Ina fargabar ƙarar gitar, don ba ta taɓa jin irinta ba. Ta ce in sa mata. Na saƙala mata abin ji a ƙarƙashin mayafi, na kunna, na zauna ina kallon ƙasa. Har waƙar ta ƙare ba ta motsa ba. Sannan ta cire ɗaya daga kunne ta dube ni.

"Mura yake yi ranar nan."

Na tsaya ina tunani. Gaskiya ne. Da ita ya tashi a safiyar, ni da na kwana ɗaki ɗaya da shi na manta, Nirmin da duk na'urorinta ba ta ce komai ba.

"Tun yana yaro haka muryarsa ke yi in sanyi ya kama shi," ta ce. "Yana da rigar sanyi kuwa?"

Na ce yana da ita.

Ta mayar da abin a kunnenta, ta gyara zama, ta ce, "Sake kunna mini."